Kasuwar 'yan tsanan roba: daga ina farashin Labubu da Funko yake fitowa?

A watan Yunin 2025, a wani gwanjo da kamfanin Yongle ya shirya a birnin Beijin, an sayar da wata 'yar tsana ta Labubu mai tsawon santimita 131 a kan yuan miliyan 1 da dubu 80, wato kimanin dalar Amurka dubu 150. Wata guda kafin haka, kamfanin Pop Mart da ke yin Labubu ya dakatar da sayar da ita a kantunansa na Birtaniya saboda turereniya da faɗace-faɗacen da ake yi a kan layi. Amma kafin shekarar ta ƙare, farashin ƙananan Labubu a hannun masu sayen sari su sake sayarwa ya faɗi warwas a China, har wasu nau'o'in suka dawo kusa da kuɗin da ake sayar da su a kanti. Shekaru biyu kafin wannan kuma, a watan Maris na 2023, kamfanin Funko na Amurka, wanda shi ma 'yan tsanan roba yake yi, ya sanar da cewa zai zubar da kayan da darajarsu ta kai dala miliyan 30 zuwa 36, domin sun yi kwantai har kuɗin ajiyarsu ya zame masa nauyi.

Wanda ya fara sha'awar tara waɗannan 'yan tsana yana iya rikicewa idan ya jera waɗannan labarai, domin abu guda ne ake kira kayan wasa, ake kira aikin fasaha, ake kuma kira jari, wasu ma su ce caca ce aka yi wa kwalliya. Fahimtar lamarin tana buƙatar a rarrabe kasuwa biyu da ke tafiya tare, a kuma gane wanda ke riƙe da linzamin ƙarancin kayan.

## Abin da ake tarawa da kalmomin kasuwar

Ana yin waɗannan 'yan tsana da wani nau'in roba mai suna PVC, wanda ake zubawa a cikin mazubi ya ɗauki siffa, sannan a yi masa fenti. Galibinsu ba don yara aka yi su ba, manya ne ke saye su jera a kan kanta. Funko Pop, wato 'yar tsanar kamfanin Funko mai ƙaton kai da baƙaƙen idanu, tsawonta bai wuce santimita 10 ba, tana zuwa a kwali mai tagar leda da lamba a jikinsa, kuma mai saye yana ganin abin da zai biya wa kuɗi. Kayan Pop Mart kuwa a rufaffen kwali suke zuwa, mai saye ya san jerin da ya saya daga ciki, amma bai san wacce ce a kwalinsa ba sai ya yage shi. Labubu da ta fi tashe fuskarta ce ta roba, jikinta na gashin yadi ne, ana rataya ta a jaka, sai dai 'yan kasuwar suna lissafa ta a rukuni guda da sauran.

Akwai wasu rabe-rabe da farashi ke rataye a kansu. Na farko shi ne samfurin gama-gari, wanda ake bugawa da yawa a kai kowane kanti. Na biyu shi ne na keɓe, wanda ake yi domin wani kanti guda ko wani taron baje koli, a manna masa sitika da ke shaida hakan. Na uku shi ne na sa'a, wato wanda aka ɗan sauya masa launi ko siffa aka cusa shi jefi-jefi a cikin katan: a wajen Funko yawanci ɗaya ne cikin shida, a wajen Labubu mai ratayawa kuma "ta ɓoye" ɗaya ce cikin 72, a wasu jerin masu siffa goma sha biyu har ɗaya cikin 144. Na huɗu shi ne wanda kamfani ya daina bugawa, wanda masu tarawa ke cewa an kulle shi a taska.

Ita kanta kalmar ciniki a nan fuska biyu gare ta. Akwai musaya, inda mutum biyu ke canjin 'yar tsana da 'yar tsana, irin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda, wani lokaci da cikon kuɗi idan ɗaya ta fi ɗaya daraja. Akwai kuma saye domin a sake sayarwa da riba. Hanyoyin biyu suna haɗuwa a dandali guda, amma haɗarinsu ba ɗaya ba ne.

## Yadda aka zo nan

Tushen wannan sana'a yana Hong Kong da Japan ne a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da masu zane irin su Michael Lau suka fara fitar da 'yan tsana ƙwaya kaɗan a matsayin aikin fasaha. A 1999 mai zanen Amurka da aka fi sani da KAWS ya fitar da tasa ta farko tare da wani kamfanin tufafi na Japan, a 2001 kuma kamfanin Medicom Toy na Japan ya ƙaddamar da wata 'yar tsana mai suna Bearbrick. A wancan zamani ƙarancin na gaske ne, domin ɗaruruwa kaɗan ake bugawa, kuma idan sun ƙare sun ƙare.

Funko ya bi wata hanyar daban. Mike Becker ya kafa shi a 1998 a jihar Washington, ya sayar da shi ga Brian Mariotti a 2005, kuma a taron masoya littattafan zane na San Diego na 2010 aka fara nuna samfurin da ya zama Pop. Dabarar kamfanin ita ce sayen izinin amfani da siffofin jaruman fina-finai, 'yan wasa da mawaƙa, ya zuba su duka a mazubi iri ɗaya a farashi mai sauƙi. A 2017 ya shiga kasuwar hannayen jari ta Nasdaq. Shi kuwa Pop Mart, Wang Ning ne ya kafa shi a Beijin a 2010, ya ɗauko tsarin sayar da abin da ba a gani ba daga al'adar injinan ƙwallayen wasa na Japan, ya shiga kasuwar hannayen jari ta Hong Kong a watan Disamban 2020. Labubu ƙirƙirar Kasing Lung ce, mai zane haifaffen Hong Kong da ya tashi a Holan, wanda ya fito da ita a 2015 ya kuma ƙulla yarjejeniya da Pop Mart a 2019. Sai a 2024, bayan an ga mawaƙiya Lisa 'yar ƙasar Tailan tana rataye da ita, kasuwarta ta ɓarke a kudu maso gabashin Asiya, daga nan ta watsu duniya.

Abin lura a wannan tarihi shi ne an ɗauki yaren ƙarancin da aka gada daga masu zanen farko, aka ɗora shi a kan masana'antun da ke iya fitar da miliyoyi.

## Wanda ke riƙe da linzamin ƙaranci

Kasuwa ta farko ita ce ta kamfani da kantunansa, inda farashi yake a tsaye: a 2025 an sayar da ƙaramar Labubu yuan 99 a China, dala 27.99 a Amurka, Funko Pop ta gama-gari kuma tsakanin dala 12 zuwa 15. Kasuwa ta biyu ita ce ta hannu da hannu, a dandamalin intanet irin su eBay da StockX a Amurka da Turai, Mercari a Japan, Xianyu a China, da rukunonin Facebook. A nan ne farashi ke ninkawa sau biyu, sau biyar ko fiye, kuma a nan ne yake faɗuwa.

Dalilin hawa da saukar bai da wuyar ganewa idan aka kwatanta da tsohon kuɗin ƙarfe ko tsohon kan sarki. Waɗannan ba mai iya ƙara yawansu, domin hukumar da ta buga su ta daina tun da daɗewa. 'Yar tsanar roba kuwa mazubinta yana nan a masana'anta, kuma mai shi kaɗai ne ya san adadin da ya buga da ranar da zai sake bugawa. Kamfanin yana son kayansa su yi wuyar samu gwargwadon abin da zai sa a riƙa maganarsu, amma ba ya cin ko kwabo daga ribar da dillali ya samu a kasuwa ta biyu, saboda haka duk lokacin da tazarar farashin ta yi yawa, maslaharsa ita ce ya ƙara bugawa ya kwashi kuɗin da kansa. Abin da ya faru ke nan a tsakiyar 2025, lokacin da Pop Mart ya buɗe karɓar oda da yawa, ya kuma bayyana cewa yana iya fitar da kusan 'yan tsana masu gashi miliyan 30 a wata. Waɗanda suka ɓoye kaya suna jiran farashi ya ƙara tashi su ne asarar ta faɗa wa.

Haka kullewa a taska take a wajen Funko. Sanarwar daina buga wani samfuri takan ɗaga farashinsa, amma ba ta hana kamfanin fitar da wani mai kama da shi a sabon kwali da sabuwar lamba, kuma idan hakan ta faru masu son siffar kawai sukan koma kan sabon mai arha. Wanda aka rubuta adadinsa a jikin sitika, kamar guda 480 ko guda 1,000 na wani taro, ya fi riƙe daraja, domin kamfanin ya ɗaure kansa da alƙawarin da kowa ya gani.

Masu nazarin kasuwa sukan tuna da Beanie Babies, 'yan tsanan yadi da kamfanin Ty ya fito da su a Amurka a 1993, waɗanda aka yi ta saye a matsayin jari saboda ana daina yin wasu nau'o'in, har kasuwarsu ta rushe a wajejen shekarar 2000. Masu kare Pop Mart suna cewa kwatancen bai cika ba, domin kamfanin yana da wasu siffofin da ke da masoyansu, kamar Molly da ya fara sayarwa a rufaffen kwali tun 2016. Wannan hujja tana iya zama gaskiya game da lafiyar kamfanin, amma ba ta cewa komai game da farashin ƙwaya ɗaya da ke kan kantar wani.

## Lissafin rufaffen kwali

Musaya tsakanin masu tarawa ta samo asali ne daga lissafi. A jerin da ke da siffa shida, wanda ke sayen kwali ɗai-ɗai daga wurare daban-daban zai buƙaci kimanin kwali 15 a matsakaici kafin ya haɗa shidan, domin yayin da tarinsa ke ƙaruwa, yiwuwar ya sake cin karo da wadda yake da ita tana ƙaruwa. Ke nan zai tashi da kusan tara da suka maimaitu, kuma hanyar rage wannan asara ita ce ya nemi wanda ke da abin da ya rasa. Wanda ya sayi cikakken fakiti mai kwali shida yakan samu shidan ba maimaici, sai dai idan ta ɓoye ta maye gurbin ɗaya.

Batun ta ɓoye ya fi wannan tsauri. Mutane da yawa suna ɗauka cewa "ɗaya cikin 72" na nufin wanda ya sayi 72 zai same ta tabbas. Idan kwalayen ba daga katan guda suka fito ba, yiwuwar samunta ko sau ɗaya a cikin 72 ɗin kusan kashi 63 ne cikin 100, wato cikin kowane mutum uku da suka kashe wannan kuɗi, fiye da ɗaya zai tashi hannu rabbana. A farashin Amurka na 2025 kwali 72 ya haura dala 2,000, adadin da ya zarce abin da aka saba sayar da ta ɓoyen kanta a kasuwa ta biyu. Saboda haka tsofaffin masu tarawa sukan sayi wadda suke so a buɗe, ko da an ɗora mata riba, su bar wa wasu neman sa'a.

## Inda sabon shiga ke yin asara

Kuskure mafi yawa shi ne ɗaukar kuɗin da mai kaya ya yanka a matsayin darajar kaya. Duk wanda ya san kasuwa ya san bambancin abin da aka faɗa da abin da aka sallama, kuma haka yake a intanet: eBay yana ba da damar duba cinikin da aka riga aka kammala, StockX yana nuna tarihin sayarwa, kuma waɗannan alƙaluma su ne ma'auni. A musaya ma da su ake daidaita ɓangarorin biyu, domin sabon shiga da bai duba ba yana iya ba da ta keɓe guda ɗaya ya karɓi na gama-gari uku yana ganin ya ci riba.

Na biyu shi ne mantawa da la'ada. eBay yana cire kusan kashi 13 cikin 100 na kuɗin ciniki, ga kuɗin aikawa da na ɗauri, saboda haka wanda ya saya a dala 28 ya sayar a 40 abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba. Na uku shi ne lafiyar kwali, musamman a Funko, inda lanƙwasa a kusurwa ko yagewar sitika ke zaftare farashi ko da 'yar tsanar lafiya lau take, shi ya sa ake sanya kwalin cikin wani gidan leda mai tauri kafin a aika.

Sai kuma jabu, wanda ya yi yawa har aka laƙaba wa Labubu ta ƙarya suna Lafufu. Ta gaske haƙora tara gare ta, kwalinta yana ɗauke da sitika mai ƙyalli da lambar da ake dubawa da waya a shafin kamfanin, amma masu jabu suna kwaikwayon waɗannan alamomi, har da yin shafin bogi da lambar za ta kai mutum. A watan Agustan 2025 hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi cewa na jabun suna ɓallewa cikin sauƙi, kuma ƙananan sassansu na iya shaƙe yaro. Wannan ya shafi har iyayen da ba ruwansu da tarawa, waɗanda suka saya wa yaro a bakin titi domin arha.

A musaya ta nesa, tambayar da ke tasowa kullum ita ce wa zai fara aikawa. Al'adar da aka saba ita ce wanda bai da shaidar cinikin baya shi ke fara aikawa, abin da ke nufin sabon shiga ne ke ɗaukar haɗarin. Masu taka-tsantsan sukan nemi hoton kayan tare da takarda mai sunan mai shi da kwanan wata, su aika da lambar bin sawu, su kuma biya ta hanyar da ke ba da damar dawo da kuɗi idan an yi saɓani, ko su sa amintaccen mutum a tsakani ya karɓi kayan ɓangarorin biyu kafin ya miƙa.

## Caca ce ko ciniki?

Kamfanonin suna cewa rufaffen kwali ba caca ba ne, domin duk wanda ya biya yana tafiya da 'yar tsanar da ta kai kuɗinsa, kuma abin da ake sayarwa ya haɗa da daɗin buɗewa. Masu suka suna amsawa da cewa muddin ɗaya daga cikin abin da ke iya fitowa ya ninka sauran daraja sau da yawa a kasuwa ta biyu, to mai saye yana sa kuɗi ne da fatan sa'a, kuma maimaita saye bayan rashin dace shi ne ainihin halin ɗan caca. Hukumar kula da kasuwanni ta China ta tsaya a tsakiya a ƙa'idojin da ta fitar a watan Yunin 2023: ba ta haramta tsarin ba, amma ta hana sayarwa ga yaran da ba su kai shekara 8 ba, ta wajabta izinin iyaye ga waɗanda suka haura haka amma ba su balaga ba, ta kuma tilasta wa kamfanoni bayyana yiwuwar samun kowane samfuri.

Ga mai karatu Musulmi akwai tambayoyi biyu da suka riga wannan muhawara daɗewa. Ta farko ita ce ta garari, domin ya tabbata a Sahihu Muslim cewa Annabi (SAW) ya hana cinikin garari, wanda Bahaushe ke kira cinikin biri a sama. Malaman da suka tsaurara suna ganin rashin sanin ainihin abin da ke cikin kwali ya isa ya ɓata cinikin, wasu kuma suna sassautawa idan abubuwan da ke iya fitowa jinsinsu ɗaya ne kuma darajarsu ta yi kusa da juna, sharaɗin da kasancewar ta ɓoye mai tsada ke raunanawa. Sayen wadda aka riga aka buɗe, ko musayar sananniya da sananniya, ya fita daga wannan matsala. Ta biyu ita ce ta mutum-mutumi: a mazhabar Malikiyya an hana cikakkiyar surar mai rai da ke da inuwa, aka keɓe 'yan tsanan wasan yara mata bisa hadisin Nana A'isha da ke Bukhari, kuma abin da ake saɓani a kai shi ne ko wannan rangwame ya kai ga babban mutum da ya jera su domin ado. A 2021 hukumar Hisbah ta jihar Kano ta hana amfani da mutum-mutumin tallan tufafi a shaguna, kuma ko da yake umarnin bai ambaci kayan wasa ba, yana nuna yanayin da mai niyyar buɗe irin wannan kasuwa a can zai tarar.

## Kuɗin fito da mai saye daga nesa

Sauyin dokokin kwastan a 2025 ya taɓa wannan kasuwa kai tsaye, domin kusan duk kayan a China da Biyetnam ake yin su. Amurka ta soke rangwamen da ke barin ƙunshin da bai kai dala 800 ba ya shiga ba tare da kuɗin fito ba, ga kayan China daga 2 ga Mayu, ga sauran ƙasashe kuma daga 29 ga Agusta. Wannan ya ƙara tsadar musaya tsakanin mai tarawa a Amurka da takwaransa na waje, domin ko da ba kuɗin da ya shiga tsakaninsu, dole a rubuta darajar kayan a takardar aikawa a biya haraji a kanta. Najeriya ta bi akasin wannan hanya a watan Satumban 2025, inda hukumar kwastan ta yafe kuɗin fito ga ƙananan kayan da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum guda.

Duk da wannan rangwame, mai saye daga Kano, Abuja ko Yamai yana fara cinikinsa ne da gibi. Yana biya da dala ko yuan alhali samunsa da naira ne ko sefa, kuɗin jirgi yakan kai ko ya wuce kuɗin 'yar tsana guda, kwalin da farashi ya dogara a kansa yana bin hannaye da yawa kafin ya iso, kuma mayar da jabu ga mai shi ya fi yin haƙuri da shi tsada. Idan ya tashi sayarwa, masu saye a farashin da ya gani a eBay suna can wata nahiya, waɗanda ke kusa da shi kuma ba su da yawan da za su yi gasar tayi. Yanayin ƙasa ma yana da nasa tasirin, domin hasken rana yana kashe launin fenti, zafi mai tsanani yana sa sinadarin da ke tausasa PVC ya tsatso har jikin ya yi danƙo, ƙurar hunturu kuma tana manne wa wannan danƙon, yayin da raɓar damina ke sa kwali ya yi laushi ya kumbura. Mai ajiya a irin wannan wuri yana buƙatar kabad mai rufi a ɗakin da rana ba ta faɗa wa, kuma wannan ma kuɗi ne da ya kamata ya shiga lissafinsa tun kafin ya ba da odar farko.